Shekarar da Na Kai Nomau Gonar Surukina

Bello, kai ne babba, saboda haka kai za ka karanta wa ƙannenka wannan babi, kuma ka karanta shi da hannu biyu, ba ɗaya yana riƙe da takarda ɗaya yana latsa waya ba. In ka ga harafi ya karkace kada ka gyara. Bokona a aji uku ya tsaya, ranar da ni da malaminmu muka dubi juna muka gane kowa ya gaji da ɗan'uwansa, muka rabu lafiya. Abin da na samu ya ishe ni rubuta gaskiya. Ƙarya ce take buƙatar digiri.

Abin da ya sa na ɗauki biro wata waƙa ce da kuka mayar sandar dukana. Tun da aka zuba waƙoƙin marigayi Nomau Na-Rairai a cikin wayoyi ban sake samun sakat a gidana ba. In na ɗan jinkirta tashi daga tabarma, sai in ji wani jika daga bayan katanga yana rerawa: "Ummaru sannu, Ummaru sannu, gona ba ta da ƙafa." Uwarku Hajo tana ji, ba ta tsawatarwa, sai dai ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Kun zauna kun yanke hukunci ba tare da kun kira wanda ake ƙara ba: tunda Nomau mawaƙin masu hutu ne, kuma sunana ne kaɗai sunan ɗan Adam da ya taɓa shiga waƙarsa, to lalle ni ne sarkin ragwayen ƙasar Bodinga. Da yana raye na ƙyale ku, don mai shaidata yana nan. Yanzu ya riga mu, dole in tsaya wa kaina.

Ku da kuka san shi a waya ba ku san shi ba. A zamanin samartakarmu, in an gama kaka, mu samarin Danchadi mukan gangara wajen Shagari aikin albasa a fadama. Tun da sassafe mutum yana kan jigo, yana ɗebo ruwa yana kwarara wa albasa har kafaɗa ta mutu. In la'asar ta yi sanyi sai mu nufi bakin gulbi, inda ruwa ya ja baya ya bar rairai fari tas, mai faɗi kamar filin idi. Nan ne ofishin Nomau. Dogo ne siriri, da wata malfa da ta ga duniya. Rigingine yake kwanciya, ya ɗora gurmi a kan cikinsa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya rufe fuska da malfar, sai ka ji tsirkiya ta fara magana a hankali kamar mai tsoron tada jinjiri. Makaɗan ƙasarmu kowa da ubangidansa: wani na sarauta, wani na 'yan dambe, wani na mahauta, wani na manoma. Nomau ba ya yabo, ba ya zambo, ba ya roƙo. Rairai yake yi wa waƙa, da ruwa, da kifin karfasa a kan garwashi, da iskar nan da ke tasowa daga gulbi in rana ta sunkuya.

"Rairai tabarmar da ba a naɗewa,
Ruwa na tahiya tai, bai ce a raka shi ba."

In masunta sun miƙo masa kifi ya ci, in ba su miƙo ba ya yi barci. Dattawa suna kiransa asarar tuwo. An sa masa Nomau ne don an haife shi ana tsakiyar noma, kuma uwarsa takan ce daga ranar nan shi da gona suka yi sallama.

Za ku ce me ya haɗa ni da irin wannan mutum. Shekarar da kakanku, wato ubana, ya rasu, duk wanda ya zo gaisuwa magana ɗaya yake gaya mini: ka zama namiji, gida ya dawo kanka. Na ji ta har ta zama dutse a ƙirjina. Da na koma aikin albasa sai in je bakin gulbi in zauna can gefe, ba na magana da kowa. Wata rana Nomau ya ɗaga malfa ya dube ni da ido ɗaya. Bai yi mini wa'azi ba, bai ce in yi haƙuri ba. Hannu ya buga a kan rairai kusa da shi.

"Kwanta nan," in ji shi. "Gidan ba shi hwaɗuwa kahin magariba."

Na kwanta. Ya tura mini rabin kifinsa, ya ci gaba da kiɗinsa. Ranar ce na fara barci na kirki tun bayan jana'iza. To, kun ji mafarin abotar.

A kasuwar Shagari na fara ganin uwarku, tana sayar da daddawa tana yi wa masu saye tsiwa. Ba zan tsawaita nan ba, don tana zaune kusa da ni yanzu tana tsinke zogale, kuma ta ce in na rubuta ƙarya za ta sa takardar a murhu. A taƙaice na so, ita ma ba ta ƙi ba. Matsalar ubanta ne, Malam Jabbi na Dandin Mahe, Allah Ya jiƙansa. Manomi ne wanda ciyawa ke jin tarinsa ta sunkuya. A wurinsa mutane iri biyu ne kawai a duniya: mai kanta a hannu, da wanda ya kamata a yi wa addu'a. Baffana Arzika, ƙanen ubana, maƙwabcinsa ne, shi ya kai maganar. Malam Jabbi ya ce ya ji, amma al'ada tana nan: mai neman aure ya kawo gayya gonar suruki a noman farko, a ga irin samarin da ke amsa kiransa, a ga kuma yadda yake riƙe kalme, wato fartanya a bakinku na 'yan birni.

Gayya kuwa ba ta yiwuwa sai da makaɗi. Ganga ce ke ɗaga hannun manomi ta sauke shi. In makaɗi ya ƙara wuta, samari su ƙara, ana kirari ana tsere a kan kuyya, wato kunyar gona, 'yan mata na guɗa, kafin ka ce me an cinye gona. Shekarar nan ruwa ya yi jinkiri, sannan ya zubo gaba ɗaya, ciyawar kowa ta tashi rana ɗaya. Makaɗin noman da ake ji da shi a yankin an riga an kama shi zuwa gonar maigari, sauran ma kowa da inda aka kira shi. Na zauna na yi tunani irin na wanda ya shiga aji, na fito da dabara, na kai wa kakarku Inna. Ku sani ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai wanga".

"Wa za shi yi maka kiɗin?" in ji ta.

"Nomau."

"Wane Nomau? Na kwance?"

"Shi."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Kai wanga, in kiɗi ya gagara, ɗauki tsohon kwano da sanda ka ba makaho, ya hi maka."

"Inna, kiɗi duk kiɗi na. Mu da munka shiga aji mun san wanga."

"Ajin da kas shiga ta ƙohwa kah hito ta taga?"

Wannan zancen taga ba gaskiya ba ne, amma uwa ba a yi mata gardama.

Na hau keke na tafi Shagari. Da damina gulbi yakan cika ya haɗiye rairai, saboda haka Nomau ba shi da ofis, yana hutun hutawa a gindin wata tsamiya a bayan kasuwa. Na gaya masa buƙatata. Ya ja malfa ya rufe fuska, har na zaci barci ya koma.

"Ummaru, ni kiɗina ba shi tada mutum. Kwantar da shi shikai."

"Rana ɗaya dai, ka ƙara mai wuta."

"Gurmin ga bai san wata wuta ba sai ta gashin kihi."

Na roƙe shi don Allah, na roƙe shi don abota, na ce in ba kiɗa samari za su ce gayyata ta marayu ce. Da ya ji kalmar marayu sai ya tashi zaune, abin da ba kasafai ake gani ba.

"To, mu tahi. Amma in ta ɓaci, ka tuna na hwaɗa ma."

Ku riƙe wannan, don a kansa sauran labarin yake tsaye: bai so zuwa ba, ni na ɗauko shi a bayan kekena.

Ranar gayya samarin Danchadi sun fita kunyata, sun zo da yawa, kowa da kalmensa a kafaɗa. 'Yan mata suka jero da ƙoren fura, uwarku a cikinsu, tana yi kamar ba ta san don wa aka taru ba. Daga can nesa ana jiyo gangar gonar maigari tana tsawa. Nomau ya sauka daga keke, ya dubi wani gawo a tsakiyar gona, ya girgiza kai, don gawo da damina ba shi da ganye. Ya ce icen nan ma ɗan uwan Malam Jabbi ne, ba ya son a zauna. Ya wuce gindin tsamiyar da ke bakin iyaka, ya share wuri, ya miƙe, ya rufe fuska. Da farko lafiya lau, samari suna da ƙarfin safiya. Amma hannun manomi kunne yake bi, haka aka horar da shi tun yana yaro. Gurmi yana tafiya kamar tsohuwa za ta unguwa, sai kalmuna suka fara sauka irin tafiyarsa. Nomau yana waƙar iskar la'asar da kifi mai zafi, a tsakiyar hantsi, ga mutanen da gumi ya rufe wa ido. Wani ya ce bari ya sha ruwa, ya tafi gindin tsamiya bai dawo ba. Wani ya je kiransa, shi ma shiru. 'Yan mata maimakon guɗa sai suka zauna suka tallabe haɓa. Wani Bafillace ya biyo da shanunsa ta hanya, ya tsaya ya jingina da sanda, kuma wallahi da idona na ga shanun sun durƙusa suna tuƙa. Ni kaɗai na rage a cikin gona, ni ɗin ma kalmena yana sauka kamar mai neman izini.

Suruki ba ya tsayawa a kan masu gayya, sai da la'asar yake zuwa ya sa albarka. Malam Jabbi ya zo tare da Baffa Arzika. Ko rabin gonar ba a ci ba. Ya dubi ciyawa, ya dubi samari a baje a inuwa kamar an shanya barkono, ya dubi doguwar ƙafar da ke lilo a kan 'yar uwarta. Kowa ya miƙe tsaye, ban da mai ƙafar. Ni kuwa na cire takalmi na durƙusa. A al'adarmu suruki ba ya magana da mai neman 'yarsa baki da baki, ko da suna jin numfashin juna, saboda haka Baffa ya zama waya a tsakaninmu.

"Arzika, tambayi ɗanka, gayya yak kawo min ko zaman makoki?"

Baffa ya juyo zai maimaita, na ce na ji.

"Hwaɗa mai, mutumin ga da ke kwance cikin gonata, shi tashe shi da bakinai, gaban jama'ar ga, shi ce mai ba shi ba shi har abada. In ya yi, in sake ba shi wata rana. In bai yi ba, ɗiyata ba ta zama gidan da aka kwana da rana tsaka."

Gangar maigari ma kamar ta saurara. Nomau ya ɗaga malfa kaɗan, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Kore ni, Ummaru. Ni na saba. Haɗa da zagi ma don shi yarda. Jibi ka ishe ni Shagari mu ci kihi."

Da gaske yake. An sha korarsa daga ƙofar gidaje kamar kaza, bai taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Kuma hanya ce mai sauƙi: kalma biyu, in sami Hajo, in sami abokina a ɓoye. Na saci kallon uwarku. Ta rufe fuska da faifan fura, idanunta kawai nake gani ta sama. Na dubi Nomau, na tuna hannun nan da ya buga a kan rairai. Bakina ya ƙi.

"Baffa," na ce, "a hwaɗa ma Malam, ranai shi daɗe, mutumin ga bai so zuwa ba, ni niɗ ɗauko shi. Wanda niɗ ɗauko bisa kekena ba ni korar shi kamar akuya. Gonar da tar rage ni ka nome ta, ni ɗai, noman hwarko da maimai, har a yanke gero. Bayan nan Malam shi yi abin da yag ga ya dace."

Baffa Arzika ya dube ni kamar ya kwaɗa mini mari. Malam Jabbi ya daɗe yana taɓa gemu.

"Hwaɗa mai ban ce i ba, ban ce a'a ba. Gona dai ga ta nan."

Ya juya ya tafi.

Yanzu ga abin da maganar nan ta ci mana, don kada ku zaci jarumta kyauta ake yin ta. Dandin Mahe da Danchadi ba tafiyar a je a dawo kullum ba ce ga mai noma. In zan riƙe gonar Malam Jabbi, sai in tare a zauren Baffa, in bar tamu. Ƙannena kuwa mata ne ƙanana. Na je na gaya wa Inna, tana daka, ba ta tsaya ba.

"Namu geron hwa? Wa ka noma shi? Gurmi?"

Daga ranar nan har kaka ko "kai wanga" ɗin ma ta janye. Ta fita gonar da kanta, ita da ba ta taɓa riƙe kalme ba tun da ta yi aure, maƙwabta suka taimaka da abin da suka iya bayan nasu, amma ciyawa ba ta san maraya ba. Abin da muka girba a shekarar nan bai kai mu tsakiyar rani ba. Kakarku, mace mai girman kai wadda ba ta taɓa aron ko gishiri ba, sai da ta aika da ƙwarya gidan 'yan uwa. Ban ce na yi nadama ba, amma ban ce ba a biya ba, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

Na shiga gonar Malam Jabbi da fushi. Ina fushi da shi, ina fushi da kaina, ina fushi da ciyawa. Ba na hutawa, ba na shiga inuwa, don kada wani ya wuce ya ce ga abokin raggo a zaune. Tafin hannuna ya fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Da na iso wata safiya, sai ga doguwar ƙafa a gindin tsamiya. Daga Shagari ya tako, mutumin da zuwa masallacin unguwa ma sai ya huta a hanya. Ya bincika wajen maƙwabta inda iyakar Malam Jabbi ta tsaya, ya kwanta a ɓangaren inuwar da ya faɗa kan hanya, don kada a ce ya sake shiga gonar mutane. Kada wani ya gaya muku ya taya ni aiki. Ko ƙotar kalme bai taɓa ba, zan iya dafa Alƙur'ani a kan wannan. Gurmin ma bai kaɗa ba, yana tsoron kada ya ƙara ɓata mini. Zuwa kawai yake yi ya kwanta, in na tashi ya tashi.

Wata rana, rana tana tsaka, na ɗaga kalme sai na ga gona ta juya, sama ta koma ƙasa. Ban san sauran ba. Na farfaɗo na ji ruwa a fuskata, na gan ni a inuwar tsamiya, Nomau a kaina yana haki kamar wanda ya yi dambe. Shi ya jawo ni tun daga tsakiyar gona. A iya sanina wannan ne aikin ƙarfi na farko da na ƙarshe da ya yi a duniya. Da ya ga na buɗe ido sai ya ja da baya. Ya koma ya kwanta, ya jawo gurmi.

"Ummaru sannu, Ummaru sannu,
Gona ba ta da ƙahwa, inda kab bar ta nan taka kwana,
Mai gona gero shika so, ɗiyar mai gona tana son mai rai."

Kun ji layi na uku? Ba ku taɓa jinsa ba, don ba ya cikin wayoyinku. Tun da uwarku ta zama matar aure Nomau bai sake rera shi a gaban mutane ba, saboda kunya da girmamawa. Biyun farko kawai ya bar wa duniya, duniya kuma ta ɗauka raggo ake lallashi. Ba raggo ake ce wa sannu ba, 'ya'yan nan. Wanda zai kashe kansa ake ce wa.

Daga ranar na bi kiɗinsa. In yi aiki da sanyin safiya, in rana ta take in shiga inuwa, da la'asar in koma. Yana kaɗawa a hankali, kalme yana sauka a hankali, kuyya tana ƙarewa a bi ta gaba. Mutum ɗaya a gona babba ba ganga yake buƙata ba, abin da zai kai shi gobe yake buƙata. Uwarku ba ta da ikon zuwa, amma kullum wata tsohuwa daga gidansu takan kawo ƙwaryar fura ta ajiye a bakin iyaka. Ranar farko da na buɗe faifan sai na ga ludayi biyu a ciki. Ba saƙo, ba gaisuwa, ludayi biyu kawai. Nomau ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi.

"Ummaru, yarinyar ga ta hi ka hankali. Ka yi ƙoƙari kak ka mutu."

Kuma ku sani a gidan Malam Jabbi ko tsinke ba ya fita bai gani ba. Ya ga ludayi biyu suna fita kullum, bai hana ba.

Kaka ta yi, na yanke gero na ɗaure dammuna. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya fi na kowa ba. Gero ne dai kamar na mutane, wani gefen ma ciyawa ta riga ni. Malam Jabbi ya zo da Baffa, ya zagaya gonar daga kai har gindi, hannu a baya, ni ina durƙushe. Nomau yana can ɓangarensa na halal, a kan hanya.

"Arzika, hwaɗa ma ɗanka kuyyoyinai sun karkace kamar rubutun ɗan aji ukku."

Na ce a raina shi ke nan, an yi asarar damina biyu a shekara ɗaya. Malam Jabbi ya yi taku kaɗan, ya tsaya, bai juyo ba.

"In an kai gero rumbu, shi turo manyanai."

Sai bayan an ɗaura aure Baffa ya gaya mini abin da tsohon ya faɗa masa a hanyarsu ta komawa. Cewa ya yi, wanda bai yada raggo ba ranar kunya, ba zai yada ɗiyarsa ba ranar wuya. Amma har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa mini wannan da bakinsa ba, kuma ya hana Nomau zuwa bikin. Nomau ya ce an taimake shi, don biki wurin tsayuwa ne. Inna kuwa, ranar da aka kawo amarya, ta kama hannunta ta ce, "Ke, geron shekara guda na gidan ga ya tahi a kanki, sai ki zauna da kyau." Suka zauna da kyau har ƙarshen ranta, har sukan haɗa kai a kaina. Nomau dai ba ta yafe masa a baki ba. In ya aiko da busasshen kifi daga Shagari sai ta ce Allah shi shirye shi, sannan ta cinye.

Shekaru suka tafi. Masu tifa suka yi ta kwasar rairai suna kai wa magina, har Nomau yakan ce ana sayar da ofishinsa mota-mota ba a shawarce shi ba. Da tsufa ya kama shi sai samari suka gano shi, suka riƙa zuwa suna ɗaukar muryarsa a waya, direbobin bas suna sa shi a hanyar Bodinga, masu ɗinki suna sa shi a shago. Ya yi suna yana kwance, kamar yadda ya yi kome.

Ranin da ya wuce aka bugo mini waya da hantsi aka ce Nomau ya cika. Na shiga mota a Bodinga, na iske an gama sallah ana ɗaukar makara. Kun san yadda ake tafiya da gawa, da hanzari, kafaɗa tana karɓa daga kafaɗa. Ranar ce kaɗai na ga Nomau yana sauri, ita ma ba da ƙafarsa ba. Bayana kuwa tun daminar nan ta gonar Malam Jabbi bai sake zama daidai ba, sai aka bar ni can baya ina dogara sanda. Wani saurayi ya waiwayo.

"Baba, ɗaga ƙahwa, za a rigaye ka."

"Ku tahi, ɗana," na ce. "Ni da shi ba mu saba hakanga ba."

Na isa ana zuba ƙasa, na samu na jefa tawa. Da aka watse ban biyo mota nan da nan ba. Na gangara bakin gulbi, na nemi ɗan abin da tifa ta rage na rairai, na kwanta rigingine, na rufe fuska da hula. Iskar tana nan yadda ya bar ta. Da na dawo gida na iske uwarku tana jirana. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura ta ajiye, ta koma ɗaki da sauri ba kamar yadda ta saba ba. Na buɗe faifai. Ludayi biyu.

Saboda haka ban hana ku waƙar ba. Ku rera, jikoki ma su rera, ni Ummaru na amsa. Amma daga yau doka ce a gidan nan a cika ta har layi na uku, kuma a gaban uwarku, mu ga wanda zai nemi faifai ya rufe fuska. In kun gama dariyar, ku yi wa mai ita addu'a. Na ji malamai suna cewa a gidan rahama ƙoramu ne ke gudana, ga inuwa ba ta gushewa, mutane a kishingiɗe ba mai ce musu su tashi. Allah Ya gafarta wa Nomau Ya kai shi can. In ya samu shiga, na tabbata ba zai yi baƙunta ba.